Ganga mai kusurwa huɗu: littafin aikina a Monsanto

Asabar, 9 ga Maris, 2024

Yau kwanana shida a Monsanto, kuma yau na tsai da shawarar abin da zan yi da ranakun da ba na fita gona. Zan haɗa adufe, gangar mutanen nan, da hannuna kafin bikin Santa Cruz na farkon watan Mayu. Saura mako takwas.

Ga wanda bai san wurin ba, Monsanto ƙauye ne a gabashin Fotugal, cikin ƙaramar hukumar Idanha-a-Nova a yankin Castelo Branco, ba nisa da iyakar Sifaniya. Karatuna na binciken ƙasar noma ne ya kawo ni, na kama ɗaki na wata uku a Relva, unguwar da ke gindin dutse. Shi ainihin garin a jikin dutsen yake manne, ƙololuwarsa mita 758. Ranar da na fara hango shi daga mota Kwatarkwashi ce ta faɗo mini a rai, sai dai a nan har gobe mutane a cikin duwatsun suke kwana. Wani gidan bangonsa na hagu ƙaton dutse ne guda, wani kuma dutsen ne rufinsa, sai ka ga 'yar ƙofa da taga sun leƙo daga ƙarƙashinsa kamar zai danne su. Lungunan ba sa ɗaukar mota, a ƙasa ake barinta a hau da ƙafa.

Adufe kuwa ganga ce mai kusurwa huɗu, faɗinta kamar faifai babba. Katako huɗu ake haɗawa, a rufe fuska biyun da fatar akuya ko ta tunkiya, a ɗinke gefe, a zuba 'yan tsakuwa ko ƙwayar hatsi a ciki don su riƙa kacau-kacau, sannan a ɗaura ƙyallaye masu launi a kusurwoyi. Mata ne ke kaɗa ta. Sunan daga Larabci ya fito, ad-duff, ya zauna a bakinsu tun zamanin da Musulmi suka shigo wannan yanki bayan shekarar 711. Da na fara jin sautinta, bandiri na tuna, amma yadda tsofaffin matan ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna amsa wa juna ya fi kama da kiɗan ƙwarya a gidan biki.

Wadda za ta koya mini maƙwabciyar mai gidana ce, wato matar da na kama ɗaki a gidanta, ta haura tamanin. A nan zan riƙa ce mata Iya. Marigayi mijinta ne ke haɗa katakon, ita ke ɗinki. Na gaya mata kakana majemi ne a Kano, cikin warin fata na tashi. Ta kama hannuna ta jujjuya, ta ce, "To, 'yata, za mu gani."

Talata, 12 ga Maris

Jiya muka ɗauki azumi. Da sanyi, ba wuya, sai dai kewar gida a lokacin buɗa baki.

Na je wurin kafinta a Idanha-a-Nova, tafiyar kamar kilomita 25. Ya yanka mini katako huɗu, kowane tsawonsa santimita 40, kaurinsa kamar yatsu uku. Yuro 8. Ƙusoshi da gam, yuro 4 da rabi. Basilla biyu da zare mai kauri, yuro 6. Iya ta ba ni guntun kakin zuma na goga wa zaren.

Fata babu tukuna. Makiyayin da Iya ta sani ya ce in jira makon Ista, bikin Kiristoci, lokacin da kowane gida ke yanka ɗan akuya.

Asabar, 16 ga Maris

Na haɗa katakon. Kusurwa ɗaya ta ƙi zama daidai, sai da na kankare bakin da wuƙa sau uku. Na goge gefuna da takardar yashi har suka yi sumul, domin Iya ta ce duk inda ka bar kaifi, nan fata za ta fara tsagewa.

Ranar Alhamis na je ofishin junta, wato majalisar gundumar, karɓar takardar shaidar zama, a can na fahimci abin da suke nufi da freguesia. Ita ce matakin mulki mafi ƙanƙanta a Fotugal, a ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Asalinta yankin coci ne, wato jama'ar da ke ƙarƙashin limamin coci ɗaya, daga baya gwamnati ta ɗora tsarinta a kai. Ana zaɓen shugabanninta duk shekara huɗu. Aikinsu ba mai yawa ba ne a takarda: maƙabarta, gyaran lungu, famfunan gari, takardun shaida. Amma da na zauna jira na ga wata tsohuwa ta kawo wasiƙar fansho a karanta mata, wani ya zo tambayar ranar da likita zai zo. Ya fi kama da zauren mai unguwa.

A jikin ƙofar an rubuta sunaye biyu, Monsanto da Idanha-a-Velha. A 2013 gwamnati ta haɗe ɗaruruwan irin waɗannan gundumomi don rage kashe kuɗi, suka sauko daga sama da 4,200 zuwa kusan 3,100. A ƙidayar 2011 mutum 829 ne a Monsanto, Idanha-a-Velha kuma 63. Abin da ya fi yi wa tsofaffin nan ciwo ya girmi wannan: Monsanto ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta, tun takardar 'yancin da sarki Afonso Henriques ya ba ta a 1174, sarki Manuel ya sabunta a 1510, har aka rushe matsayin a 1853. Wani dattijo a bencin jira ya faɗa mini haka da zafi, kai ka ce bara aka yi.

Laraba, 20 ga Maris

Ruwa tun asuba. Ban taɓa aikin ba. Na yanka ƙyallayen kusurwa kawai, ja da ɗorawa da kore.

Asabar, 23 ga Maris

Na roƙi Iya ta fara nuna mini kiɗan da tsohon adufenta kafin nawa ya samu. Ta ƙi. Su ma azuminsu suke ciki, kwana arba'in kafin Ista, kuma a gidanta ba a taɓa ganga sai an fita. Tana rataye a ƙusa, an rufe ta da farin ƙyalle. Sai ta nuna mini bugun a kan tebur da tafin hannu: akwai na tafiya, wanda suke cewa passo, akwai na zagaye, roda, mai ƙirga uku-uku. Na zagayen ya fi ba ni wuya.

Daren jiya na ji abin da ba zan manta ba. Wajen ƙarfe goma, gari ya yi tsit, sai muryoyin mata suka taso daga can sama, a hankali, a jaye, babu kiɗa. Na buɗe taga. Mai gidana ta ce Encomendação das Almas ke nan, addu'a ce ga matattunsu, suna hawa wurare masu tudu sanye da baƙaƙen mayafai don muryar ta kai ko'ina. Ba addinina ba ne, amma na san muryar wanda ya binne nasa. Na daɗe a tagar.

Da la'asar yau ruwa ya ɗauke, na hau har ganuwa. Minti arba'in daga Relva, da azumi a bakina, ina hutawa a hanya. A 1165 Afonso Henriques ya miƙa wurin ga mayaƙan Templar, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista, shugabansu Gualdim Pais ya gina ganuwar, domin nan bakin daga ne a lokacin. A ƙarni na 19 rumbun albarushi ya fashe ya rusa wani sashe, har yau ga duwatsun a warwatse. Kusa da ita akwai kangon cocin São Miguel na ƙarni na 12, babu rufi, kewaye da kaburbura da aka sassaƙa cikin dutse daidai siffar mutum, har da gurbin kai. Ruwan sama ya cika su. A nan garin ya fara, daga baya mutane suka yi ta gangarowa. A hanyar saukowa na bi ta furdas, 'yan ɗakunan dutse da suke kiwon aladu a da, yanzu ciyawa ce a ciki.

Lahadi, 31 ga Maris

Fata ta samu. Jiya da safe makiyayin ya kawo guda biyu na 'yan awaki, ɗanyu, yuro 10 duka. Na baza su na zuba gishiri.

Da daddare aka buga ƙararrawa, Iya ta yaye farin ƙyallen nan ta sauko da gangarta. Na bi su har ƙofar cocin São Salvador na tsaya daga gefe. Mata kamar goma sha biyu suka jeru, kowace ta riƙe adufe a tsaye gaban ƙirjinta, manyan yatsu na tallafe da shi, sauran yatsun na bugu. Sautin ba ya tashi sama, ƙasa yake bi, kana jin sa a cikinka. Na tambayi sunan waƙar, aka ce alvíssaras. Na sa aka maimaita. Mai gidana ta ce kalmar na nufin tukwicin da ake ba wanda ya kawo labari mai daɗi. Na ce mata mu ma haka muke cewa: albishirinka, a ce goro. Kalma ɗaya ce, al-bishara, ta bi ta Sahara ta zo mana, ta haye teku ta zo musu. Na faɗa wa Iya, ta sa na faɗi "albishir" sau uku, tana gwadawa a bakinta.

Tun daga nan kunnena ya buɗe. Azeitona, zaitun. Açúcar, sukari. In za su yi fatan wani abu su ce oxalá, wanda ya fito daga kiran sunan Allah kamar yadda muke cewa in sha Allah, kuma yawancinsu ba sa tunanin asalinsa.

Gobe zan jiƙa fatun.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na yi asarar fata ɗaya, kuma laifina ne.

Iya ta ce in jiƙa su cikin ruwan cal, farar ƙasar nan da suke shafe bango da ita, in riƙa dubawa kullum, da zarar gashi ya fara bin yatsa in cire. Litinin na jiƙa. Laraba gashin ya fara saki. A nan na shigo da sanin gida. Na tuna a wurin kakana fata kan daɗe a ruwan toka, daga nan a kai ta ruwan kashin tattabara ta yi laushi, sannan bagaruwa. Sai na ce bari in bar ɗaya ta ƙara kwana biyu don ta fi laushi, na cire ɗayar. Alhamis da Juma'a kuma aikin gona ya tsare ni can wajen Penha Garcia, ban dawo da wuri ba.

Yau da na ɗaga ta, ta kumbura ta yi fari fat, kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa. Na ɗora ta kan gungume na fara karta da bayan wuƙa, gashin na fita ba wahala, sai kawai wuƙar ta shige ta wajen ciki, inda fatar ta fi sirara. Na matsa gefe, nan ma ta ɓule. Kafin in gama, huda huɗu.

Na kai wa Iya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga fatar ta kalli haske ta cikin hudojin, ta ce kakanka takalmi da jaka yake nufi da tasa fatar, shi laushi yake nema. Fatar ganga kuwa ba a jeme ta, ɗanya ake so, a cire gashi da nama kawai, ta bushe da taurinta, domin taurin nan shi ne muryar. Na san wannan. Na sha ganin masu kalangu suna sayen fata ɗanya a hannun kakana, ba su taɓa karɓar jemammiya ba. Ban dai haɗa abin a kaina ba sai da na lalata.

Wadda na cire da wuri ta yi kyau. Na wanke ta sau biyar har santsin ya fita, na kafe ta a jikin tsohuwar ƙofa a inuwa. Makiyayin ya ce Ista ta wuce, yanka ya ragu, sai dai in jira. Asara: yuro 5 da mako guda, wataƙila biyu.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. Na yi waya da gida har katin ya ƙare. Na dafa shinkafa da miyar kaza na kai wa Iya da mai gidana, Iya ta rama da cukun tumaki da zaitun na gonarta. Ba aiki yau.

Asabar, 13 ga Afrilu

Har yanzu ba fata. Na ari keke na tafi Idanha-a-Velha, ɗaya rabin gundumar tamu. In ka ga garin yau, lungu uku ko huɗu, karnuka na barci a tsakiyar hanya, ba za ka ce birni ne na Rumawa ba. Daga baya, da sunan Egitânia, ya zama mazaunin bishop a zamanin Visigoth, waɗanda suka mulki yankin bayan Rumawa, Musulmi suka riƙe shi, sannan a 1199 aka mayar da kujerar bishop zuwa Guarda, garin ya yi ta ƙanƙancewa. Ganuwarsa cike take da duwatsun kaburburan Rumawa masu rubutu, an kwaso an yi gini da su. Hasumiyar Templar a kan harsashin ɗakin bautar Rumawa take zaune. Tsohon babban cocin kuwa, akwai masanan da ke ganin ya taɓa zama masallaci. Na shiga na zauna, da sanyi a ciki, ba kowa.

A kan kusan kowane tudu akwai sheƙar wasu manyan tsuntsaye irin shamuwa, amma farare, suna ta ƙwanƙwasa baki. Mutum uku na gani a garin, dukansu sun girmi mahaifiyata.

Talata, 16 ga Afrilu

Fata ta biyu ta zo Lahadi, yuro 7. Kwana biyu kacal a ruwan cal, na cire, na karta a hankali. Ba huda.

Jiya aka yi ziyarar Senhora do Almortão kusa da Idanha-a-Nova, mako biyu bayan Ista, inda masu adufe na yankin ke haɗuwa. Ban je ba, ina gadin fata.

Asabar, 20 ga Afrilu

Alhamis muka ɗinka. An jiƙa fatun biyu sun kwana, muka yanka kowace ta zarce katakon da yatsu biyu, muka ɗora ɗaya sama ɗaya ƙasa, muka kama tsakiyar kowane gefe da ɗinki ɗaya ɗaya don kada ta karkace, sannan na bi gefe da basilla. Fata jiƙaƙƙiya santsi gare ta, tana zillewa, zaren ya yanke ni a ɗan yatsa har biyu. Awa huɗu. Kafin rufe gefen ƙarshe na zuba ƙwayar masara da marafan kwalba uku da na daddaƙe.

Iya ta ce in jingine ta a ɗakin ajiya, inda ba rana ba iska, in manta da ita kwana huɗu. Daren Alhamis na taɓa na ji ta jiƙe sharkaf, ga ɗakin da danshi, tsoron ruɓewa ya kama ni saboda abin da ya faru da ta farko. Na ɗauko ta na ajiye a ɗakin girki, kamar taku biyu daga murhu.

Da asuba na ji ƙara kamar an karya kara. Fuskar da ke kallon wuta ta bushe ta ja da ƙarfi, ɗayar tana nan da laima, katakon ya murɗe, kusurwar nan da ta ba ni wahala tun farko ta buɗe, ɗinkin gefe ɗaya ya yage fatar tsawon yatsa. In ka ajiye ta a tebur sai ta riƙa rawa, ƙafa uku a ƙasa ɗaya a sama.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba don gangar kaɗai ba. Iya ta zo ta duba. Ta ce fatun za su tsira in an sake jiƙa su, sai dai a rage girman gangar don a yanke inda ya yage. Katako kuwa sabo. Na koma wurin kafinta jiya, santimita 35 wannan karon, kuma na roƙe shi ya haɗa kusurwoyin da kansa. Yuro 12, da kuɗin mota 6.

Saura kwana goma sha biyar.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Hutu ne, shekara 50 cif da juyin da sojoji suka yi a 1974 suka kawo ƙarshen mulkin kama-karya. Na yini a gidan Iya muna warware tsohon ɗinki, tana ba ni labari.

A saman hasumiyar agogo, Torre de Lucano, akwai zakaran azurfa da kowane baƙo ke ɗauka a hoto. A 1938 ofishin farfaganda na gwamnatin kama-karya ta Salazar, ƙarƙashin António Ferro, ya shirya gasar zaɓen ƙauyen da ya fi kowane zama na Fotugal, Monsanto ta ci, aka ba ta zakaran. Wanda ke saman hasumiyar kwafinsa ne. Mutanen nan suna alfahari da shi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma Iya ta ce abin da alƙalan gasar suka zo suka yaba, wato gidajen dutse da mata masu ɗaukar tulu a ka, su a wurinsu talauci ne. Tana yarinya babu takalmi take hawa da sauka ɗibar ruwa. Mazan suna aikin ƙodago a gonakin masu ƙasa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Gwamnati ta so su zauna a haka don su yi kyau a hoto.

Ba su zauna ba. Daga shekarun 1960 samari suka fara tsallaka iyaka da dare, ba fasfo, su ratsa Sifaniya zuwa Faransa, wasu don neman abinci, wasu don gudun yaƙin da Fotugal ke yi a Angola da Mozambik da Gini Bisau daga 1961 zuwa 1974. Yayyenta biyu haka suka tafi. 'Ya'yanta uku, ɗaya na Lisbon, biyu na Faransa, sai watan Agusta suke zuwa. Ta ƙirga mini gidajen lungunta da yatsa: goma sha ɗaya, uku ne ake kunna wuta a ciki.

Yanzu Monsanto na cikin ƙauyuka goma sha biyu na tarihi da ake tallatawa, kuma a 2015 UNESCO ta sa Idanha-a-Nova cikin biranen kiɗa, adufe ne tambarinta. Baƙi na zuwa da rana motoci-motoci, su sayi 'yar ƙaramar ganga ta ado, kafin magariba sun watse. Kuɗin na taimaka wa masu shago da masu masauki. Abin da nake gani shi ne, dutsen ba inda za shi, amma waɗanda suka san waƙoƙin da bugun, yawancinsu sa'o'in Iya ne.

Lahadi, 28 ga Afrilu

An sake ɗinkewa jiya. Wannan karon awa biyu da rabi, hannuna ya gane hanya. Iya ta nuna mini kada in ja fatar iya ƙarfina, in bar ta da ɗan sassauci yadda in na danna tsakiya za ta nutsa kaɗan, bushewa ce za ta ƙarasa ja. Na rufe ɗinkin da jan ƙyalle kewaye da gefe. Tana ɗakin ajiyar Iya, ba nawa ba, kuma makullin na aljihunta.

Muna jira, ta koya mini marafona, 'yar tsanar tsumma da ake ɗora wa kan itace biyu a gicciye, a sa mata siket da ɗankwali, amma ba ido ba baki ba kunne. A al'adarsu tana kare gida daga tsawa, kuma akan sa ta ƙarƙashin gadon amarya, tunda ba ta gani ba ta faɗa. Na taya ta naɗe guda shida da za ta sayar ranar biki.

Alhamis, 2 ga Mayu

Ta bushe. Ta zauna daram a tebur. Na buga da yatsa, ta amsa. Fuska ɗaya ta fi ɗaya zurfin murya, Iya ta ce haka ake so. Na ɗaura ƙyallayen kusurwa.

Lahadi, 5 ga Mayu

Ranar Santa Cruz 3 ga wata ce, amma yau Lahadi aka hau ganuwa. Tun safe garin ya cika, na ga motoci masu lambar Faransa da Sifaniya a Relva, gidajen da ban taɓa gani a buɗe ba an buɗe tagoginsu.

Labarin da ke bayan bikin kowa ya san shi a nan. Wai an taɓa yi wa garin ƙawanya shekara bakwai, har abinci ya ƙare, saura ɗan maraƙi ɗaya da mudun alkama. Wata mata ta ce a ba maraƙin alkamar ya ƙoshi, a jefa shi ta kan ganuwa. Da ya faɗo cikinsa ya fashe, maharan suka ga alkama, suka ce mutanen da ke ciyar da dabba da hatsi yunwa ba za ta fito da su ba, suka kwashe tantunansu. Wasu na cewa Rumawa ne maharan, wasu na cewa Mouros, wato Musulmi. Wata mata da ke ba ni labarin ta kai nan, ta dubi ɗankwalina, ta yi shiru. Na ce ta ci gaba. Gangar da ke hannunta ma sunan Larabci take amsawa, kuma mu biyun mun san haka.

Matan suka hau da adufe da marafonas, wata na ɗauke da farar tukunyar ƙasa cike da furanni a ka, ita ce a madadin maraƙin. Iya ba ta iya hawa yanzu, jikanta ya riƙe ta har rabin hanya ta zauna a kan dutse. Ni na bi daga baya da tawa a hannu, ban shiga sahun ibadarsu ba. A sama aka yi waƙa, aka ɗaga tukunyar, aka sake ta ta kan ganuwa. Shiru na ɗan lokaci, sannan muka ji fashewarta a ƙasa, gangunan suka ɗauka gaba ɗaya.

Da aka sauko inda Iya take, matan suka zagaye ta suka fara na roda. Ta miƙo hannu ta karɓi tawa, ta juya ta, ta bi ɗinkin da babban yatsa gefe huɗun, ta girgiza ta ji masarar, ta buga sau uku. Sannan ta mayar mini ta ce, "Shiga, 'yata." Na shiga. Na ɓata ƙirgar sau biyu, matar da ke gefena ta matso da kafaɗarta jikin tawa har na dawo kan bugun.

Talata, 7 ga Mayu

Lissafi: katako sau biyu yuro 20, fata uku 17, ƙusa da gam da zare da basilla 10 da rabi, cal da gishiri 5, mota 12. Jimla yuro 64 da rabi. Iya ta ƙi karɓar ko sisi, sai na saya mata buhun abincin kaji.

Saura mini mako huɗu a nan. Katakon farko da ya murɗe kafinta ya ce zai iya ceto uku daga ciki, zan yi ƙarama da su in kai wa ƙanwata. Na yi wa makiyayin maganar fata ɗaya. Daga gobe kuma, kullum bayan la'asar, zan zauna da Iya in rubuta baitocin da take rerawa, ita ta faɗa ni in rubuta, jikanta ya gyara mini rubutun ranar Asabar. Ta ce mu fara da na tsintar zaitun, domin ya fi tsawo.